Tun da Aka Tare Wilmer

Yaya Dilcia,

Gaisuwa daga Amurka. Ya ƙafar Mama? Ya masarar bana?

Ni lafiya lau, aikin zuba kwalta na tafiya. Sai dai majalisar jiharmu ta soke bas ɗin unguwarmu, ta kuma ba 'yan sanda ikon tambayar takardun zama. Dole muka koma bin motar Wilmer, abokin aikina. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni aka tare shi a hanya. Har yau shiru. Kullum matarsa sai ta zo: "Marlon, ina suka kai shi?"

Yanzu ko ƙofa aka ƙwanƙwasa, sai in kashe fitila in ɓuya. Ki yi mini addu'a. Mama kuwa, ki ce mata na yi ƙiba.

Ƙanenki,
Marlon