Inna Ta Ƙi Komawa Asibiti

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya a Alƙahira, Allah ya ƙara basira a karatu. Mu nan Jibiya alhamdulillahi, gero ya yi kyau a gonar Kusa, ina kuma nan da jigilar fasinja zuwa Maraɗi. Sai dai jikin Inna, wanda shi ya sa na zauna rubutun nan.

Kin san tun ƙarin ruwa na uku na maganin sankara, da gashinta ya zube, take cewa guba ake ɗura mata. Shi ya sa na roƙe ki bayanin da zai kwantar mata da hankali. Saƙon muryarki sau uku na kunna mata. Ta ji inda kika ce a cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai wani ɗan murhu, mitokondiriya, mai ba ta ƙarfi. In ƙwayar ta lalace, shi ne kuma yake ɓulewa ya saki abin da zai sa ta mutu salin alin, don sauran jiki ya tsira. Kika ce sankara ƙwayoyi ne da suka toshe wannan hanya suka ƙi mutuwa, maganin kuwa tilasta su yake yi.

Wallahi na ɗauka mun ci nasara, don har murmushi ta yi. Ashe ba haka ba. Ta ce yo ashe har cikin namanta Allah ya sa masu sanin lokacinsu, kuma mai ƙin tafiya shi ne ciwon. Ta ce ita ba za ta zama irin masu ƙin tafiya ba, asibitin Katsina kuma ta gama zuwa. Na yi magiya, na yi faɗa, ƙato da ni har kuka na yi a gabanta. Likita ya ce in ta ci gaba akwai sauran fata, na gaya mata, ta ce ta ji.

Kada ki zargi kanki, ni na nemi bayanin. Amma raina a ɓace yake, Sa'adiyya. Jiya na ƙetara iyaka da ita zuwa Ɗan Isa ta nemi gafarar 'yan'uwanta, har wani ɗan duwan, wato kwastan, da ya san ta ya juya fuska da ya ga ramarta.

Gwaggo Zulfa da Mujahid suna gaishe ki, ki gaida mijinki Zubair. Ki nemi izini a makaranta ki taho, ko ke za ta saurara. Ta ce za ta yi ƙoƙarin jiran ki har a gama girbi, amma ba ta yi alkawari ba.

Yayanki,
Lawwali