Baba, dutsen washinka ya ƙi hannun damana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba. Gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan makwanci ya yi maka faɗi.

Mu muna nan Gadarif, a gajiye. Yaƙi ya koro mutane sun cika garin. Dillancin dawa da riɗin ma ya zama zaman inuwa da shan shayi.

Jikarka Sakina ta dawo daga Madani da tsohon ciki, ba miji. Mijin nata, Usman, ya sa ta a mota, ya ce yana tafe a baya. Har yau wayarsa a kashe. Ta haifi namiji, ta kuma roƙe ni abu guda: a yi wa yaron askin suna da askarka, wadda ta aske ni, ta aske ta. Na ce ga reza sabuwa fil a kasuwa, ta juya fuska bango. Wanzamin unguwa kuwa tuni ya tsallaka iyaka ta Gallabat. Saura ni.

Ka san ni, Baba. Bakin nan ya sha sayar da riɗi mai yashi, mai saye yana godiya. Na ɗauka aska ma za ta ji magana.

Na sauko da zabirarka, na kakkaɓe ƙura. Ga aska, ga dutse, ga fatar da kake gogawa ta bushe ƙayau. Na shafe ta da man riɗi. Wani a kasuwa ya so ya manna mini dutse wai daga ƙasar waje. Na saurare shi har ƙarshe don girmama sana'a, domin ƙaryar irin tawa ce.

Na wasa, na wasa, aska sai ƙara dakushewa take. Na gwada a bayan ƙwarya da sabulu. Na gwada a haɓata, na fita kasuwa kamar wanda ya yi kokawa da kyanwa. Na shelanta aski kyauta ga leburorin gonakin Simsim, har da shayi. Wani ya miƙe da rabin kai, ya rantse gara a yi masa da lauje. Kasuwa ta yi dariya, ni ma na taya su. Amma kan jariri fa, Baba? Maɗigarsa tana bugawa ina gani. Suna yana matsowa, Sakina tana kallon hannuna.

Da hantsi na zauna da dutsen ina shafa shi, don ƙarfin wasawa ya ƙare mini. Sai yatsana ya ji kwarmin da shekaru suka ci a jikinsa. A karkace yake, ya kwanta ta ɓangaren da hannuna ba ya bi.

Nan na gan ka. A bayan ɗaki, ka ba ƙofa baya, aska a hannun hagu. Bahago ne kai, ka ɓoye wa gari har ka koma ga Allah. Da dama kake ci, da dama kake aske mutane, washi kaɗai ka bar wa hagunka. Ranar da na kama ka ina yaro, cewa ka yi: “Mutane ne ke son dama, ƙarfe ba ruwansa.” Na manta, Baba. Kasuwa ta cika mini kai.

Na mayar da askar hagu. Ta faɗa kwarmin nan kamar ta dawo gida, har ƙarar ta sauya. Na goga a fata, na ɗora a damtsena, gashi ya zube ba gardama.

Jiya aka yi suna. Gwaggo Hajara, ƙanwarka, ta riƙe yaron a cinya. Na yi bisimilla, bakin nan nawa ya mutu murus har na gama. Ko ɗigon jini babu. Sunanka na raɗa masa a kunne, Isa, tunda mai raɗawar, Usman, ba ya nan. Sakina ta ƙulle gashin a bakin mayafinta, wai sai ubansa ya gani.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sanyaya hannayenka duka biyun. In Usman ya riga mu isowa wurinku, ka gaya masa kan ɗansa ko ƙwarzane babu. In kuwa bai iso ba, Allah ya dawo mana da shi kafin gashin ya sake tohowa.

Ɗanka da ya gaji,
Haruna