Mata Ne

Daren Laraba, Villeurbanne

Na kasa barci. Yau a labo, ɗakin binciken da nake aiki, na ji Bajapaniyar da muke aiki tare ta gama waya ta ce, "Mata ne." Na tambaye ta ma'anarsa, ta ce ban kwana ne a yarensu, kamar a ce sai mun sake haɗuwa.

Ina dawowa ɗaki na ɗauko faifan Habibu, abokin ɗakina, na mawaƙan nan 'yan Japan masu kiɗan jita. Tun da muka raka gawarsa filin jirgi ban taɓa kayansa ba. Gadonsa ma yana nan yadda ya bar shi. A waƙar ƙarshe mawaƙin yana ta maimaita kalmar nan. Da can tsokanarsa nake yi, in ce ashe har a Japan mata ne matsalar. Shi kuwa sai dai ya yi murmushi. Ashe ɗan banzan ya sani!

Ranar da zai tafi stage, wato koyon aiki, a Paris, ya leƙo daga ƙofar jirgin ƙasa ya ce, "Mata ne!" Na ce, "Kai dai ba ka da aiki sai zancen mata." Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Yana min sallama, ni ina shirme.

Yanzu waƙar ta sake zagayowa. Na juya wajen gadonsa, na amsa yadda ake amsawa a Damagaram: "Allah ya kai mu."

Sai da na faɗa na tuna inda yake.