Baba, ƙwan ya kama

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani mai gyaran famfo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga mahaifinta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na zo in warware wata ƙarya da na yi maka ina 'yar sakandare.

Shekaranjiya a ofishin malamai wata abokiyar aikina ta nuna mini bidiyo a wayarta. Wata ƙasa ce mai duwatsu. Sun kafa fankoki dogaye, sun fi hasumiyar masallaci, iska na juya su suna ba da lantarki. In iska ta yi ƙarfi wutar ta fi abin da gari ke buƙata, sai su kunna injuna da rarar, su tura ruwa daga tafkin ƙasa zuwa wani tafki da suka gina a kan dutse. Ran da iska ta kwanta sai su buɗe, ruwan ya gangaro ya juya injin, gari guda ya samu wuta. Baba, tafki sukutum a kan dutse! Sau huɗu na kalla, har na makara shiga aji.

Ai tankinka ne na gidanmu na Tudun Wada. Da an kawo wuta, ko kana tsakiyar cin tuwo, sai ka miƙe ka kunna injin da ke tura ruwa sama cikin tankin. Kullum cewa kake, "Wutar da ta hau da ruwa tana nan a sama, ba ta tafi ba."

Ran nan ka ɗaure janareton fitilar keke a bakin bututu, da farfelar da ka yanka daga gwangwanin madara. Ka hau sama za ka buɗe famfo, ka ce in riƙe ƙwan fitilar in rufe shi da tafin hannu saboda hasken rana. Maƙwabta sun cika zaure, Alhaji Garba mai shago sai kiranka yake injiniya, ana ta ƙyalƙyala dariya. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Ka leƙo ka tambaye ni ko ya kama. Na ce a'a. Tsoro nake kada ka ci gaba a mai da mu abin zolaya a layi. Ka sauko, ka kwance kayanka a hankali, ba ka ƙara tada zancen ba har ka koma ga Allah.

Baba, ya kama. Ja ne, ɗan ƙarami kamar garwashi, amma na gan shi a cikin hannuna. Ni kaɗai na gani, na hana ka.

Ka yafe mini. Allah ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya haɗa mu a inda zan faɗa maka da bakina.

'Yarka,
Hadiza