Ashe Maƙera Na Dawo

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da su Yaya. Ya ciwon bayan? Don Allah ka bar wa Yaya babbar gudumar nan.

Ni lafiya lau. Ramar da Inna ta gani a hoto hasken ɗakin ne kawai.

Ka tambayi aikina. Jan ƙarfe da azurfa muke haɗawa su zama ƙwayoyin da ido ba ya gani. Su ne ke taimaka wa hasken rana ya raba ruwa, a samu iskar da ake ƙonawa kamar gas.

Wata huɗu haɗina yana dunƙulewa kamar laka, har an fara maganar ba wani aikin. Ban faɗa muku ba ne kawai. Sai shugabarmu, wata dattijuwa marar yawan magana, ta zo ta kife agogon da nake bi. Ta ce, "Bar ƙirga minti, dubi launi." Launin na fara juyawa, ta sauke kwalbar haɗin daga wuta. Baba, har yadda take karkata kai irin naka ne in kana duban ƙarfe a garwashi!

Jiya na yi haɗin da kaina. Rana na bugun kwalbar, kumfar iskar nan ta dinga tashi. Ta tambaye ni inda na samo wannan ido. Na ce mata ni ɗan maƙeri ne. Shekara biyu ina nan, sai jiya na faɗa wa wani. Ka yafe mini.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka da ya guje wa zuga-zugi.