Irin Baba da Shafin da Ba Ka Juya Ba

Argungu, ranar Litinin.

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan randa a bakin mai azumi, farin watan da ke leƙa fuskarsa a gulbi, Baban Rauda, shehin malaman unguwar Gesse, gwarzon da ya karance littafi ɗari da goma sha huɗu a bara, ya kuma ɗora mana hoton bangon kowane ɗaya a waya don kada mu mutu da jahilci!

Ina gaishe ka gaisuwar matar da mako ke yi wa tsawo idan mijinta na Birnin Kebbi. Ya aiki? Ya gajiyar yatsu? Allah Ya ƙara wa idanun nan naka gudu. Rauda lafiyarta lau, ta fitar da haƙori na biyu, ta kuma gwada shi a kan ɗaya daga cikin littattafanka. Kada ranka ya ɓaci, ta daɗe a kansa fiye da yadda ka daɗe.

Ban turo wanga saƙo ta waya ba don na san halinka, layin farko za ka gani ka aiko mini da jar zuciya ka wuce. Saboda haka ga maganar tun daga sama. Ranar Alhamis da hantsi Inna mahaifiyata za ta ɗora tukunyar gumi, ta juye ragowar irin shinkafar marigayi Baba a ciki, buhu gudan da ya rage mana a duniya, a turara shi a yi tuwon sadaka. Da zarar ya ji wuta, shi ke nan, ba zai ƙara tsira ba har abada. Duk faɗin ƙasar Kabi mutum ɗaya ne zai iya hana ta, kuma shi ke riƙe da wagga takarda.

Ka tuna ranar da munka fara haɗuwa, muradin raina? A motar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ina bayanka a matse tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji. Ka buɗe wani ƙaton littafi muna fita gari, kafin mu wuce Ambursa ka kai tsakiya, muna shiga tasha ka rufe shi ka yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke Alƙur'ani. Wayyo ni Riskuwa! Nan take zuciyata ta faɗi. Na ce a raina wanga bawan Allah ko dai aljani ne ko waliyyi. Da na tambaye ka abin da ke ciki ka ce mini littafin yana da zurfi ƙwarai, ni kuma don wauta na ɗauka zurfin ne ya hana ka bayani. Shekara huɗu ke nan ina jin wagga amsa, kuma wallahi har yau idan ka faɗe ta kana gyara tabarau sai na ji son ka ya ƙaru.

To amma irin Baba ba ya cin tabarau. Ka san labarinsa, ko da yake ina zaton shi ma farkonsa kawai ka saurara. Shekara talatin Baba yana shiga fadama kafin yanka, yana bin zangarniya ɗaya bayan ɗaya, yana zaɓen wadda ta cika ta tsaya, har ya samu shinkafar da ruwa ke shanye ta kwanaki ta miƙe, wadda idan anka dafa maƙwabta ke sanin gidanmu anka ɗora tukunya. Ba a sayar da ita a kasuwa. Buhu biyu ya bar mana da ya rasu da damina, kuma da noman rani ya kama, Kawu Tamba ya gyara fangalin reno, inda iri ke fara tsira kafin a dasa shi, yana jiran a ba shi iri ya yafa kamar yadda anka saba.

Sai ga ka ranar Asabar, tauraron asubahina, da sabon littafin noman shinkafa a hammata, wanda ka gama tsakanin Gesse da ƙofar gidanmu. Ka ce a dakata, zamani ya canza. Ka sa anka cika baho da ruwa, kana zuba gishiri kana juyawa, har ƙwan da ka jefa ya taso yana yawo a sama. Kai, ranar ka yi kyau! Ka naɗe hannun riga, ka juye buhu guda a ciki, ka kwashe ƙaiƙayi da maras ƙwarin da sunka taso, ka yi wa Kawu bayanin cewa na kirki ne ke nutsewa. Inna tana daga bakin ɗaki tana ta sa maka albarka. Daga nan ka ce a bar shi a ciki kwana biyu ya jiƙa, ka ɗauki hoton ƙwan, ka koma bakin aikinka.

Kawu ya yafa. Munka jira kwana biyar, munka jira goma. Fangalin nan ya zauna fayau kamar tsakar gidan da anka share, in ban da 'yan tsiraru jajaye da sunka leƙo sunka koma.

Ka bar littafin a kan gado, ni kuma ka san ni, dakikiyar matarka da ke yin wata guda a kan littafi ɗaya. Na ɗauko fensirina, wanda kake cewa ina ƙazanta maka takardu da shi. Na fara daga gabatarwa, wurin da kake tsallakewa don ka ce surutu ne. Kullum in na taso daga makaranta na sallami 'yan ajina, sai in karanta shafi biyu, in rufe, in faɗa wa Rauda abin da na gane da Hausa. Inda na kasa faɗa, na san ban gane ba, sai in koma. A rana ta ashirin da ɗaya na iso shafi na arba'in da ɗaya, ga hoton ƙwanka nan yana iyo, ga gishiri, ga baho, komai yadda ka yi. Marubucin bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. Sai na lashi yatsa na yi wani abu mai wuyar gaske, wanda sai an yi shekaru ana koyo: na juya shafin.

Layin farko na shafi na arba'in da biyu cewa ya yi a tsame irin nan take, a wanke shi da ruwa mai daɗi har sau uku, domin gishiri na kashe shi in ya daɗe. Da manyan baƙaƙe anka rubuta, har da ja masa layi. Ƙasa kaɗan kuma ya ce a fara gwadawa da cikin tafin hannu kafin a taɓa buhu. Haba Baban Rauda! Haba sanyin idona! Takarda ɗaya, wadda ba ta kai ɓawon albasa kauri ba? Wa ya kira ka a lokacin? Wane littafi na ɗari da goma sha biyar ne ya tsaya a bakin ƙofa yana yi maka tari?

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na tuna Baba a zaure bayan la'asar da littafinsa guda wanda bangonsa ya mutu, ya karanta layi uku, ya rufe, sa'an nan ya kira Inna ya maimaita mata. In ta yi masa tambayar da ya kasa amsawa, gobe a kan layukan nan uku zai wuni. Littattafan da ya karanta duk rayuwarsa ba su cika kwali ɗaya ba. Amma ban taɓa tambayarsa abin da ke cikin ɗaya ya ce mini yana da zurfi ba.

Na ɗebi cikin hannu daga buhun da ya rage, na yi yadda shafukan biyu sunka ce, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Kwana huɗu ya fashe da tsiro fari tas, kusan kowace ƙwaya. Na kai wa Inna da gudu. Ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Cewa ta yi, "Ke kin fi mijinki karatu ne? Mutumin da ya karance littafi ɗari ya sa hannu abu ya ƙi, sai ke? Irin ma ya san mai shi ba shi nan. Ku bar shi ya bi shi, ko lada ta kai mai." Ta juya fuska bango tana share ido da bakin zane. Kawu ya yi magana, ta ce shi ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ka ga inda hotunanka sunka kai mu? Duk gidan nan ba wanda Inna ta yarda da iliminsa sai kai.

Don haka ina roƙonka, ya ruwan farkon damina, ka nemi izini a ofis ka shigo motar safe ranar Laraba. Kada ka karanta komai a hanya, ka kalli fadama. In ka iso ka cire takalmi, ka durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ka buɗa baki ka ce mata irin Baba lafiyarsa ƙalau, kai ne ka tsaya a rabin magana. Na san nauyin abin. Na san gara a ce ka yi iyo ka ƙetare gulbi da ka faɗi haka gaban surukarka. Amma ni ba zan tona asirin mijina da bakina ba, shi ya sa har yau ban nuna mata shafin ba, kuma ba zan nuna ba ko da an ɗora tukunyar ina tsaye.

In ka yi wannan, na yi maka alkawari duk Asabar zan shimfiɗa mana tabarma, ka karanta mini shafi biyu rak, ka rufe, ka faɗa mini da Hausa, in yi ta yi maka tambayoyin banza har ka gaji da ni. Wataƙila a shekara mu gama littafi guda. Abokanka na waya za su yi zaton ka rasu, sai mu ba su haƙuri.

In kuma ba ka zo ba, ba zan daina son ka ba, ban san yadda ake dainawa ba. Zan taya Inna hura wuta ranar Alhamis, in tuƙa tuwon da hannuna, in ajiye maka naka malmala biyu a kwano. Ka zo ranar Asabar ka ci, shi ne na ƙarshe.

Taka a raye, taka in an kai ni makwanci, wadda ba ta da wani sai kai,

Riskuwa