Hoton Inna daga Bakin Zaure

Tawa, 9 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga aminina Alƙasum,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya. Yaya Abijan, yaya kasuwa? Yaya Tina da yara? Mu nan sai godiya, ƙanwarka Raƙiya tana gaishe ka.

Kyamarar da ka aiko ta hannun Idi direba ta iso. Ka ce ta zamani ce, ba ta cin fim, tana jawo na nesa ya zo kusa, kuma da araha ka same ta. To, fim dai ba ta ci, amma pil, wato batir, take sha kamar raƙumi ya samu rijiya. Huɗu-huɗu take haɗiyewa, kafin na ɗauki mutum goma ta lumshe ido. In na danna sai ta tsaya tunani, kafin ta yanke shawara mai murmushi ya gaji ya rufe baki. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar hoto a bakin kasuwar Tawa, ban taɓa riƙe abin da ya raina ni haka ba.

Amma ga albishir: Inna ta yarda a ɗauke ta. Ka san tun da take ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Kwana uku Raƙiya ta yi tana lallashinta, tana tuna mata shekara tara ba ka gan ta ba, 'ya'yanka kuma ba su san fuskar kakarsu ba. Inna ta ce sau ɗaya tak, kada a sake tayar mata da maganar.

Ranar Juma'a muka je garinku Takanamat. Inna ta ɗaura baƙin zanenta, ta zauna a tabarma can ƙarshen tsakar gida. Kai ɗanta ne, ni suruki ne. Tun da na auri Raƙiya ban taɓa tsayawa a gabanta ba, daga bayan zana nake gaishe ta. Da tsohuwar kyamarata sai na matso taku uku na ƙura mata ido, abin da ba zan iya ba. Shi ya sa na bar ta a shago na ɗauko taka. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a bakin zaure, na danna abin jawowar har ƙarshensa. A ɗan gilashin bayanta, wanda bai fi akwatin ashana ba, na ga kamar Inna ta fito.

Saura fitarwa a takarda. Sai da kwamfuta, kuma guda ɗaya na sani, a wani ofishin proje na masu aikin raya karkara. Mai kula da ita, Ciɗo, ya tafi Yamai. Da ya dawo zan aiko maka.

Ka gaida mutanenmu na can.

Naka,
Isufu

Tawa, 14 ga Disamba, 1998

Zuwa ga Alƙasum,

Bayan gaisuwa, yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu jure rashinta. Na san saƙon waya ya riske ka. Kwana biyu kawai ta yi tana zazzaɓi.

Ciɗo ya dawo jiya. Na je da sassafe, ya haɗa wayoyinsa, hoton ya buɗe. Alƙasum, wallahi sai da na matsa kusa na sake dubawa. Ashe wannan abar ba jawo mutum take ba, kumbura shi take yi. Ciɗo ya ce haka masu arahar suke, ɗan abin da suka hango daga nesa shi suke hurawa ya yi girma. Inda fuskar Inna take babu ido, babu hanci, babu zanen kumatunta, sai 'yan murabba'ai masu launin ƙasa an jera kamar tubali. Turmin da ke kusa da zaure kuwa, a hoton gwajin da na fara yi, ya fito tas har da tsagewarsa. Tir da wannan aiki! An ce araha ba ta ado, ban san har fuskar mutum take cinyewa ba.

Na so na jefa kyamarar a tafki. Na dawo gida ina zagin wanda ya ƙera ta da wanda ya sayar maka. Raƙiya ta karɓi takardar hoton da Ciɗo ya fitar, ta daɗe tana dubawa, ta juya ta sama ta juya ta ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Tambayata kawai ta yi, a hankali, me ya hana ni miƙa mata kyamarar ranar nan ta danna da kanta, ita da ke zaune gwiwa da gwiwa da uwarta. Ina ta kiyaye kunya da sunan gwani, ko a raina abin bai zo ba.

Ga takardar nan cikin ambulan, don na yi maka alkawari. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka nuna wa yaranka ita ka ce kakarsu ce. Ka zaunar da su ka faɗa musu kamanninta da bakinka, tun kana iya tunawa.

Ka yafe mini. Raƙiya tana yi wa Tina ta'aziyya.

Naka cikin nadama,
Isufu